Marubuta, Ruwa Ya Yi Wa Miyar Nan Yawa

Duk wanda ya ce maka Bahaushe ya daina karanta littafi, ka tambaye shi yaushe rabon da ya leƙa wayar ƙanwarsa. Gaskiya ne shagunan hayar littafi da muka sani a lunguna sun ja baya, kuma teburan 'yan littattafai na Bata da Sabon Gari a Kano ba sa cika da sababbin fitowa kamar yadda suke yi a shekarun 1990 da farkon 2000. Amma karatun yana nan daram, gida kawai ya sake. A yau za ka ga matar aure a kicin, hannu ɗaya na juya miya, ɗaya na riƙe da waya tana bin labari. Ɗaliba a cikin adaidaita-sahu, mai gadi da tsakar dare, tela da ya maƙala abin sauraro a kunne ana karanta masa littafi a YouTube, duk masu karatu ne. A nawa ganin, ba a taɓa yin zamanin da ake cin labarin Hausa kamar wannan ba.

To amma me muke ci? Nan fa gizo ke saƙar. Na daɗe ina bin littattafan nan, na takarda da na waya, kuma abin da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne tukunya ta cika taf, amma rabin miyar ruwa ne. Labarin da ya kamata a naɗe shi a shafi 150 sai a ja shi, a miƙe shi, a ƙara masa ƙafa, har mai karatu ya manta daga inda aka taso. Wannan cuta ta jan labari ita ce babbar matsalar ƙagaggun labaranmu na yanzu. Ta fi batsa, ta fi Ingausa, domin sau da yawa ita ce uwar da ke haifar su. Kuma tun da wuri in faɗa: mu masu karatu muna da namu kason na laifin.

MA'AUNINA GUDA UKU

Kafin wani ya ce da ni "kai a wa?", bari in faɗi matsayina. Ni mai saye ne, mai biya da kuɗinsa, mai hana idonsa barci. Wanda ya sayi tuwo kuwa yana da damar cewa gishiri ya yi yawa. Ga yadda nake auna littafi.

Na farko, ina ba kowane littafi shafi 30. In na waya ne, fitowa biyar, wato abin da suke kira feji. Idan a cikin wannan tsakani ban san wa ke son me ba, kuma me ya tare masa hanya, sai in ajiye. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ba na jin kunyar ajiye littafi ko da na biya, domin kuɗin ya riga ya tafi, bai kamata lokaci ya raka shi ba.

Na biyu, in na zo wurin hira sai in sa yatsa in rufe sunayen masu magana. Idan na iya gane cewa wannan kaka ce, wannan jikarta ce, wannan ɗan Kwari ne, wancan malamin makaranta, to marubucin ya san mutanensa. In kuwa tsohuwa 'yar shekara 80 da yarinya 'yar sakandare bakinsu ɗaya, to mutum ɗaya ne ke ta surutu a littafin, shi ne marubucin, ya sa hula ya cire, ya ɗaura ɗankwali ya kwance.

Na uku, in na gama littafi sai in bar shi ya kwana wata guda, sannan in gwada ba wani labarinsa da ka. Abin da ya rage a kaina shi ne littafin, sauran duk ruwa ne. Akwai labarin da na kwashe wata uku ina bin sa kullum, da na zo bayar da shi minti biyu ya ishe ni. Akwai kuma ɗan siririn littafin da na karanta shekara 20 da suka wuce, amma ko daga barci ka tashe ni zan gaya maka sunan kishiyar da ke ciki.

Ina da wata al'ada kuma: duk sababbi uku da na karanta, sai in ɗauko tsoho ɗaya in maimaita. Kamar kurɓar ruwa ne tsakanin abinci da abinci, don harshe ya dawo daidai. Wannan al'adar ce ta sa na gane yadda miyar ta tsinke.

CUTAR BA YAU TA FARA BA

Adalci shi ne kada a ɗora wa 'yan waya laifin kowa. Wanda ya yi zamanin haya ya san "na ɗaya, na biyu, na uku". Marubuci ne ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, don haka sai ya fitar da na ɗaya siriri, in ya sayu ya juya kuɗin ya buga na biyu. Dillalan littafi sun fi son haka, domin farashin ya zo daidai aljihun 'yar makaranta. Mai shagon haya ma ya fi son haka, domin labari ɗaya zai ci kuɗinsa sau uku. Shi ya sa ake yanke labari daidai lokacin da amarya ta ɗaga kofin da aka zuba wa guba, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Wannan yanayi na cikin abin da ya sa Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta fafatawa a jaridu a shekarun 1990 tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme.

Sai dai a wancan lokacin akwai birki. Takarda kuɗi ce, tawada kuɗi ce, faranti kuɗi ne, mai inji ba ya buga shafi kyauta. Duk shafin da marubuciya ta ƙara, daga jakarta zai fita, don haka sai ta yi tunani sau biyu kafin ta kwashe shafi uku tana siffanta labule. Yawancin littattafan ba su taɓa ganin edita ba, amma tsadar takarda ta zame musu edita. Yau waya ta cire wannan birkin. Shafi ba ya cin komai sai caji da data.

YADDA AKE DAFA LITTAFIN YAU

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai sani ba. Marubuciya za ta saki shafukan ɗanɗano kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko Facebook. Labari na kai wa inda ya ɗau zafi sai a rufe ƙofa: mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya, ya nuna shaidar biya, a sa shi a zaure. 'Yan Nijar ma akan ware musu lambar da za su biya da sefa. Daga nan kullum, ko kwana bibbiyu, sai an saki fitowa, masu karatu kuma su yi ta sharhi a ƙasa: a kashe wance, a aurar da wane, kada a raba su.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan lokuta ana sayar da littafin ne tun kafin a gama rubuta shi. Marubuciyar da kanta ba ta san ƙarshensa ba. Abin da ta saki jiya ya riga ya fita, ba damar komawa ta gyara. Ga mutum ɗari bisa ɗari sun zuba mata ido suna jiran na yau, ko tana da lafiya ko ba ta da ita, ko labari ya zo ko bai zo ba. To me za ta ba su? Sai ta ƙara ruwa.

Ruwan nan kuwa mun san kamanninsa. Jaruma za ta yi wanka, shafi guda. Za ta shafa mai, ta fesa turare kala biyar, kowanne da sunansa, ta sa leshi a gaya mana kuɗinsa, ta ɗauko jaka da takalmi mahaɗi. A sauko falo, a jera kuloli a tebur, a buɗe mana su ɗaya bayan ɗaya kamar mu za mu ci. Sannan gaisuwa: duk wanda ya shigo sai ya gaida Abba, ya gaida Ummi, ya gaida Hajiya Kaka, kowa ya amsa, a tambayi gajiya. Fitowa ta ƙare, labari bai motsa ko taku ɗaya ba.

In kuma labarin ya kai ƙarshensa na gaskiya, wato an yi aure an shirya, amma zaure bai watse ba, sai a shiga neman masifa da fitila. Nan ne za ka ga haɗarin mota, da mantuwa, da tsohuwar budurwa ta dawo daga Dubai, da aljani ya shiga tsakani, da boka a bayan dutse. Can kuma sai a ce ashe jarumar ba 'yar mai wankau ba ce, tsintar ta aka yi, 'yar sarki ce. Haba jama'a! Talaka ba zai yi daraja ba ke nan sai an gano jininsa na masu kuɗi ne?

Shi kuwa jarumin, kusan mutum ɗaya ne ke yawo daga littafi zuwa littafi yana sake suna. Miskili ne, fari sol, ba ya dariya, ɗan shekara 30 amma yana da kamfanoni a ƙasa uku, in ba soja ba ne to likita ne. Za a aura masa 'yar ƙauye ko 'yar aiki ba da son ransa ba, ya kwashe fitowa 60 yana wulaƙanta ta, da mari da zagi da kulle ta a ɗaki, sannan rana ɗaya so ya kama shi ya zama bawanta. Wannan ya fi komai damuna. Wulaƙancin nan an tsawaita shi ne don a cika shafi, amma yarinya 'yar shekara 16 da ke karantawa darasin da take ɗauka shi ne mari farkon so ne, kuma mugun miji haƙuri kawai yake jira ya zama mala'ika. Wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya ji ƙarar aure ya san ba haka abin yake ƙarewa ba.

Batsar da ake ta kuka da ita ma daga nan take ɓullowa. Idan labari ya ƙare amma ana bin ka bashin shafi, babu ciko mai arha kamar ɗakin barci. An gwada maganin wuta: a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano, a 2008 kuma aka yi ta dambarwa tsakanin marubuta da Hukumar Tace Finafinai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo. Ko a lokacin wutar ba ta gyara rubutun kowa ba, balle yanzu da littafin ke cikin waya a ƙarƙashin filo. Labarin da ya san inda za shi ba ya samun lokacin tsayawa leƙen ɗakin mutane.

ƘARAMIN GORO YA FI BABBAN DUTSE

Mai karatu, ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ka auna shi a hannu. Ba shi da nauyi. Amma dubi abin da ke ciki: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gida, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci, gobara ta cinye dukiyar Alhaji, Delu ta nuna halinta, sannan dangi suka taru a kan Rabi ta koma ta riƙe mutumin da ya wulaƙanta ta. A littafin nan ma ana maganar abinci da sutura, amma kowace magana aiki take yi. In an ambaci kuɗin cefane, ana nuna maka rowar miji ne. In an ambaci zane, ana nuna maka wadda aka fifita ne. Ƙarshen kuwa har gobe mata na jin haushinsa, kuma wannan haushin shi ne shaidar cewa littafin na da rai. Da a zaure aka rubuta shi, da masu sharhi sun tilasta wa marubuciyar ta aura wa Rabi wani attajiri, a yi biki kwana bakwai, mu tafa mu manta. Shi ya sa aka mai da shi fim a 1998, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Kada a ɗauka ina gaba da dogon littafi. Mace Mutum na Rahma Abdulmajid mai kauri ne ƙwarai, amma kayan da ya ɗauko ne suka buƙaci babban buhu: matsayin mace tun daga ƙauye har cikin gidan sarauta, da ɓurɓushin bauta, da yadda ake fakewa da al'ada a danne mutum. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya fito a 2003 ya kuma ci gasar Injiniya Bashir Ƙaraye a 2007, ya bi Zainab tun daga gidan iyayenta har ta zama Asabe a bariki, bai yi gaggawa ba, amma kowane zango da ta yada sai ka ga ta sake zama wata. Wannan shi ne bambancin tafiya da zagaye. Dogon littafin kirki yana kai ka wani gari. Na banza kuwa ka sha tafiya, ka ɗaga kai ka gan ka a ƙofar gidanku.

ABIN DA HIKAYATA TA KOYA MANA

In aka tambaye ni ina rubutun Hausa mafi ƙarfi ya fito a shekarun nan, ba tare da jinkiri ba zan ce gajerun labarai, musamman na gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara wa mata a 2016. Dokar gasar ita ce kalma 1,000 zuwa 1,500. Ba wurin wanka, ba wurin jera kuloli. Kuma dubi abin da ya fito. Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, wanda ya ci na farko a 2016, ya shiga rayuwar 'yan gudun hijirar da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Rai Da Cuta na Maryam Umar a 2020 ya kawo annobar korona har cikin ɗakin mai ciki, ta hanyar mijin da ya ƙi yarda akwai cutar. Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil a 2021 ya taɓo fyaɗe da yadda gida ke rufe bakin yarinya don gudun abin kunya. A 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta ci da Garar Biki, a kan al'adar da ke karya bayan iyayen amarya.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, masu shiga wannan gasa da masu rubutu a waya ba wasu jinsi biyu ba ne. Tafki ɗaya ake kamun kifin. Ke nan basira tana nan. Abin da gasar ta ƙara shi ne iyaka, da alƙalai, da tilasta wa mutum ya gama labarinsa kafin wani ya gani. Da aka mayar da birki, sai mota ta hau titi.

TO INA LABARINMU?

Gajeren labari kuwa ba ya maye gurbin littafi. Tun daga Zamfara zuwa Katsina da Sakkwato mutane na kwana a daji saboda 'yan bindiga. An kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, an kwashe na Jangebe a Fabrairun 2021. A 2023 mun ga ƙarancin takardar naira, mun ga cire tallafin mai, mun ga magidanci na tafiya aiki a ƙasa. Duk wannan na faruwa, amma mafi yawan jarumanmu suna Maitama suna zaɓen motar da za su hau. Akwai masu taɓa waɗannan batutuwa, Allah ya saka musu, sai dai sau da yawa a gefe ake ajiye su, a zama dalilin da zai sa jaruma ta zama marainiya don ta faɗa gidan miskili.

'Yan'uwanmu masu rubutu da Turanci sun shiga wannan fage. Abubakar Adam Ibrahim ya haɗa bazawara mai jikoki da ɗan daba a Season of Crimson Blossoms, har ya ci gasar NLNG a 2016. Elnathan John ya ba almajiri baki a Born on a Tuesday. Mutanenmu ne a ciki, amma mafi yawansu ba za su iya karanta labarin nasu ba. Kuma kada wani ya ce Hausa ba za ta ɗauki irin wannan kaya ba. Tun 1982 Bature Gagare ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa a kan abin da bindiga ke zama bayan an gama yaƙi, Sulaiman Ibrahim Katsina kuma ya yi Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci.

Ba kuma cewa nake a bar soyayya ba. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed soyayya ce. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino soyayya ce, amma da Sumayya ta faɗa rijiya, maganar auren dole da fifita mai kuɗi ce ta faɗa tsakar gidan kowa. Littattafan Anti Bilki Funtuwa soyayya ce, amma ta cikinsu 'yan mata da yawa suka ga cewa mace za ta yi karatu ta yi aiki ta kuma riƙe aure. Soyayya jaki ce mai ƙarfi. Tambayar ita ce me aka ɗora mata.

A YABA INDA YA DACE

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Marubutan waya sun yi abin da na da ba su iya ba. A da sai mace ta tara kuɗin bugu, ta nemi wanda zai kai mata maɗaba'a, ta ba dillali kaya bashi, ta yi ta sintirin karɓar kuɗinta. Yau daga ɗakinta take rubutu, kuɗinta ya shigo hannunta kai-tsaye. Haɗakar Zafafa Biyar, wato Billyn Abdul da Safiyya Huguma da Hafsat Rano da Mamuhgee da Miss Xoxo, ta nuna cewa ana iya tsara wannan ciniki a riƙe dubban idanu ba tare da dillali ba. Labari ya fita a Kano da safe, kafin azahar an karanta shi a Damagaram da Kumasi da Jidda. Wasunsu kuma Allah ya ba su kunne: in suka rubuta faɗan kishiyoyi ko tsiyar kaka da jika, sai ka rantse a bayan ƙofa suka laɓe. Ga juriya, domin wanda bai taɓa cika shafi ba bai san wahalar cika shi kullum ba.

Irin wannan baiwar ce ta sa nake jin zafin ganin ana tsinka ta da ruwa. Kuma 'yan fim su ma su shafa wa gemunsu ruwa. A shekarun 1990 littafi ne ke ciyar da fim: In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni, Tsuntsu Mai Wayo, duk daga takarda suka tashi. Daga baya marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka shiga rubuta labaran fim da na talbijin. Yanzu da aka koma fim mai dogon zango, cutar nan ta bi wasu finafinan: a zauna a falo a maimaita mana abin da muka gani makon jiya, don dai mako ya cika.

Maganar harshe kuwa gajeriya ce. Mai sauri ba ya tsayawa neman kalma, wadda ta fara zuwa ita zai jefa, ko ta Turanci ce. Haka za ka ga jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci, a bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Ga haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ga watsi da ƙugiya, har ka rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa, ɓata ko Bata. Yara da yawa na koyon rubutun Hausa daga waɗannan littattafai, wannan kuwa amana ce.

IDAN ƁERA DA SATA...

...daddawa ma da wari. Mu ne muke auna littafi da tsawo kamar masu sayen yadi. Marubuciya ta naɗe labarinta a fitowa 40, sai mu ce ta cuce mu, wance ta ba mu 120 a kuɗi ɗaya. Ta yi kwana biyu tana tunani, sai mu cika zaure da ƙorafi. Ta kashe wanda muke so saboda labari ya buƙaci haka, sai zagi har iyaye. Sannan mu ne dai, mutum ɗaya ya biya, ya kwafe ya raba wa zaure goma. Wani kuma ya ɗauka ya karanta a YouTube yana cin kuɗin talla ba da izinin mai shi ba. Wadda ta san za a sace littafinta ranar da ta gama shi, me zai hana ta ƙi gamawa? Jan labarin ma wata hanyar kare kai ce.

Akwai kuma abin da ba mu cika tunawa ba: ina waɗannan littattafai za su kasance nan da shekara 30? Ruwan Bagaja ya fito tun 1934, har yau ana sayar da shi ana karanta shi a makarantu. Manhajar OkadaBooks kuwa, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Waya na faɗawa ruwa, zaure na watsewa, lamba na ɓata. Abin da zai tsira shi ne wanda aka tace aka buga, kuma babu mai iya buga labari mai fitowa 200 a tsadar takarda ta yau. Wanda ya ƙi rage ruwa da hannunsa, zamani zai zubar da tukunyar gaba ɗaya.

Don haka roƙona ga marubuta guda uku ne. Ku san ƙarshen labari kafin ku saki farkonsa. Ku ba wani mai ido, wanda ba ya jin tsoronku, ya karanta ya soke abin sokewa. In kun gama a waya, ku zauna ku tace, ku fitar da na takarda ko da kwafi kaɗan ne. Mu kuma masu karatu, mu biya, mu daina turawa, mu daina ƙirga shafi, mu bar marubuciya ta kashe wanda za ta kashe. In littafi ya yi daɗi mu faɗi dalili, in bai yi ba mu ajiye shi a shafi na 30, domin ranar da ruwa ya daina sayuwa ranar za a daina zuba shi.

Wanda ke ganin na zaƙe, ko yake da sabon littafin da zai ƙaryata ni, filin nan a buɗe yake, kuma wallahi zan fi kowa murna. Ba dai girin-girin ba, ta yi mai. Allah ya ƙara wa alƙalumanku albarka, ya kai mu wata mai zuwa lafiya.